Layi Huɗun Da Ban Rubuta Ba

Zuwa ga Malama Rakiya, Maman Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan sallama, ina gaishe ki gaisuwar maigida ga iyalinsa, da fatan makwancinki ya yalwata, ƙasa ta yi miki sauƙi. Mu nan Ƙofar Jatau lafiya lau muke. Ummi tana gaishe ki. Damina ta sauka sosai bana, har katangar bayan ɗakinki ta fara zubewa ta wajen rariya, na sa an yaɓe ta.

Na san ba a aika wa wanda ya riga mu gidan gaskiya wasiƙa. Amma shekara ashirin da ɗaya duk abin da ya same ni ke nake fara gaya wa, ban iya kai magana wani wuri ba. Kuma akwai wadda na riƙe, wadda ya kamata in faɗa tun kina jin muryata. Ummi ta ce in na gama za ta buga a waya mutane su gani. Na ce ta buga, wanda ya karanta ya sa ki a addu'a.

Kin san ni ba wani ɗan boko ba ne. Ina gama sakandare na koma zauren mahaifina na ɗauki allura da zare, har yau kuma ɗinkin babbar riga nake yi. Ke kuwa ranar da aka kawo ki gidan nan, cikin kayanki akwai akwatin da mata biyu suka kasa ɗagawa. Sun zaci tangaran ne. Da aka buɗe sai ga littattafan lissafi. Daga gidan nan kika shiga jami'a da Ummi a bayanki, daga nan kika zama malama a cikinta, ni kuma ina zaure ina kallon fitarki da dawowarki.

Kin tuna ranar da na tambaye ki abin da kike nema a takardun nan? Wata Asabar ce da hantsi, kina tsintar wake a ƙarƙashin lemun tsamin tsakar gida, ƙasa da danshin ruwan daren jiya. Na ce, "Wai ni Malama, shekara da shekaru kina rubuta abu ɗaya, ɓata ya yi ne?" Kika yi dariya, kika zaro tsinke daga tsintsiya, kika zana babban murabba'i a ƙasa, kika tsaga shi gida-gida.

Kika ce, "Wannan shi muke kira matiriks, jadawalin lambobi ne kawai. Amma nawa irin na daban ne." Sai kika ɗebi wake kika jera a gidajen da suka gangaro daga kusurwar sama ta hagu zuwa kusurwar ƙasa ta dama, sahu uku ko huɗu a jere, kika bar sauran gidajen fanko. Kika ce, "Ka gani, lambobin sun bi siririyar hanya ɗaya. Duk abin da ke wajen hanyar sifili ne. So nake in kwance shi ya zama ƙananan jadawaloli sirara, kowanne da sahu biyu kacal, waɗanda in an ninka su ɗaya bayan ɗaya babban zai dawo."

Na ce, "Kamar rigar saƙi ke nan, ƙyalle-ƙyalle a haɗa ta zama riga."

Kika ce, "Kusan haka, amma kar ka yarda da misalin da yawa. Ku ɗinkawa kuke yi, mu ninkawa muke yi. Kuma kwancewar ba ita ce wahalar ba. Wahalar ita ce in nuna cewa duk lambar da ta fito a cikin siraran nan ta haura sifili. Babu wadda ta faɗa ƙasa da shi, babu wadda ta tsaya a kansa."

Na tambayi amfaninsa. Kika ce in lambobin duk sun haura sifili, na'ura ba ta tara kurakurai in tana lissafi da su, masu gina gada da masu auna girgizar ƙarfe suna son haka. Sai kika ƙara da cewa, "Amma gaskiya, Baban Ummi, ni don kyansa nake yi." Kafin ki rufe baki kazar Ummi ta shigo ta cinye rabin hanyar.

Iyakar abin da na fahimta ke nan, har yau ban ƙara komai a kai ba. Amma na san yadda aikin yake zama a jikinki. Sai muna cikin hira ki tsaya a tsakiyar magana, idonki a kaina amma ba ni kike gani ba, ɗan yatsanki yana hawa cikin iska daga ƙasa zuwa sama. Kin taɓa gaya mini cewa haka ake kwancewar, a fara daga layin ƙasa, kowane layi a ɗebe masa wani abu na maƙwabcinsa na sama. Masu keken da ke ɗauko ki daga jami'a sun san ki. In ba su tsaya da kansu a bakin lungunmu ba, sai a wuce da ke har fada ba ki ce uffan ba. Sau nawa na ɗaga kai daga ɗinki na hango ki kina dawowa da ƙafa ta wata hanyar daban, jakarki a hammata, kina murmushi ke kaɗai.

Ranar da kika aika aikin zuwa mujallar masana lissafi ta ƙasar waje kin dawo da wuri, kika yi mana dambu da zogale. Kika ce, "Shekara bakwai, Baban Ummi. Yau na sauke." Ba a yi wata biyu ba ƙafafunki suka fara kumbura. Likita ya ce ƙoda ce.

Ba zan maimaita miki zaman asibiti ba, kin fi ni saninsa. Abin da zan tuna miki wata Talata ce, bayan an sallamo mu gida. An yi ruwa da rana ya ɗauke, la'asar ta yi sanyi, hasken da ke shigowa ta tagarki kamar an jiƙa shi da zuma, tantabarun maƙwabta suna ta kuka a kan soro. Tun safe zazzaɓi yake juya ki. Kin tambaye ni ko Inna ta dawo daga rijiya, alhali mahaifiyar taki ta shekara goma a ƙasa. Kin kira Ummi da sunan ƙanwarki. Can sai kika buɗe ido tar, kika ce, "Ɗauko biro. Akwai rami a aikina. Na gan shi, kuma na ga yadda za a cike shi."

Hannunki ya kumbura saboda allurai, ba ya riƙe komai. Na ɗauko wani littafin rubutu na Ummi mai shuɗin bango, na zauna a bakin gado. Kika fara faɗa, Hausa da Turanci a gauraye, ina rubutawa yadda kunnena ya ji. In kin ce in sa ƙaramin harafi a gindin babba, in sa. Shafi ɗaya ya cika, na buɗe na biyu.

Muryarki ce ta karya ni. Ba muryar mara lafiya ba ce, irin wadda kike koyarwa da ita ce, a tsaye, ba rawa. Na yi makonni ban ji ta ba. Na ɗaga kai na dube ki, idonki yana kan azarar rufi, yatsanki yana tafiya a kan bargo. A raina na ce zafin ciwo ne yake magana, irin maganar Inna da rijiya. Hawaye ya cika mini ido har na daina ganin layin takarda. Ban so ki gane ba, sai na ci gaba da motsa biron a sama-sama, bakinsa ba ya taɓa komai. Ke kuma kina ta faɗa. A ciki na ji kin ce, "Juya shi. Ka juya shi kawai." Na ajiye littafin, na tallabi kanki, na juya miki matashi. Kika yi ɗan murmushi, ban san na mene ne ba.

Da na share idona na koma ga biro, na bar fili kamar na layi huɗu, na kama daga inda na tsince ki, har kika ce shi ke nan.

Kika ce, "Ka rubuta duka?"

Na ce, "Na rubuta."

Kika ce, "Alhamdu lillahi," kika lumshe ido, kika yi barcin da kika daɗe ba ki yi irinsa ba.

Kwana tara bayan nan kika tafi, da hantsi, kanki a cinyar Ummi. A kwanakin tara ɗin ba ki sake ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ba zan ce ban taɓa ɓoye miki komai a zamanmu ba, amma wannan ce kaɗai ƙaryar da kika tafi kina zaton gaskiya ce. Littafin kuwa na kai shi zaure, na tura shi ƙarƙashin zare a cikin kwandon ɗinkina, don ba na son ganinsa.

Ummi ba ta bar wayarki ta mutu ba, kullum sai ta sa mata caji. Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki, sai ga ta a ƙofar zaure da wayar a hannu. Saƙo ne daga mujallar. Ta karanta ta fassara mini. Mai duba aikin, wanda ba a faɗin sunansa, ya yaba ƙwarai. Amma ya ce a shafi na tara akwai matsala. A bakin hanyar nan taki, inda lambobi suke ƙarewa sifili ya fara, kin raba da wata lamba ba tare da kin nuna cewa ita kanta ba sifili ba ce. In kuwa sifili ce, duk abin da aka gina a kai ya rushe. Sun ba da wata biyu a gyara, in ba haka ba su mayar da aikin.

Ummi ta ce, "Baba, ba su san ta rasu ba."

Ni kuwa allura ta faɗi daga hannuna. Ramin ke nan. Ashe ranar Talatar nan ba zazzaɓi ne yake magana ba, ke ce.

Muka kira Dakta Saude, aminiyarki da kuke ofis ɗaya. Kwana uku a jere tana zuwa bayan azahar, ta zauna a kan tabarma a ɗakinki ita da Ummi, suna fito da takardunki ɗaya bayan ɗaya. Daga zaure ina jin ƙarar buɗe shafi. Akwai wata farar shadda a hannuna da nake yi wa aikin zare na aska takwas, in ɗinka in warware, in ɗinka in warware. Kwandon yana gefen ƙafata. Kwana ukun nan na san inda abin da suke nema yake, na kasa miƙa hannu.

A rana ta uku da za ta tafi, ta tsaya a bakin zaure, Ummi na bayanta. Ta ce, "Malam Isiyaku, ba mu samu komai ba. Amma Rakiya ba ta barin rami a bayanta, na san ta. Ko ta taɓa faɗa maka wani abu?"

Na ɗaga zaren na fito da littafin.

A tsaye ta karanta, leɓenta yana motsi. Ta yi dariyar yadda na rubuta Turancin, dariyar ta koma kuka. Ta ce, "Ikon Allah. Ta gani tun kafin su gani." Ta buɗe shafi na biyu, ta sauko har tsakiya, ta tsaya. Ta ɗora yatsa a kan filin. Ta ce, "Nan fa?"

Na gaya mata komai, a gaban 'yarki. Ummi ta juya ta shige cikin gida.

Dakta Saude ba ta yi mini faɗa ba. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Abin da ke gabansa na gane, abin da ke bayansa na gane. Amma abin da ya haɗa su yana nan wurin. Ka tuna ko kalma ɗaya?" Na ce ban riƙe komai ba, sai dai a lokacin kin nemi in juya miki matashi. Ta ce, "Matashi ta ce?" Na yi tunani, na ce a'a, cewa kika yi in juya shi kawai.

Sai ta zauna a kan dakali, ta rufe baki da mayafi. Ta ce, "Malam, ba matashi take nufi ba. Jadawalin take nufi. A wurinmu in an ce a juya shi, layukan kwance ne za su koma na tsaye."

Ashe murmushin da kika yi ke nan, Rakiya. Kina tsakiyar aikin shekara bakwai, mijinki ya tashi ya juya miki matashi, kuma ba ki ce masa komai ba.

Kwana biyu Ummi ba ta yi mini magana ba, sai gaisuwa. Rana ta uku da safe ta kawo mini koko zaure, ta ajiye, ta tsaya tana wasa da bakin hijabinta. Ta ce, "Baba, da ni ce ma kukan zan yi." Ta zauna kusa da ni muka sha tare.

Mako bakwai Dakta Saude ta yi a kan filin nan. Duk Asabar sai ta zo ta gaya mana inda ta kai, ko da yake ta san ba ganewa nake yi ba. Ta ce juyawar ta raba aikin biyu, domin in an tabbatar da gefe ɗaya na hanyar, ɗaya gefen yana biyowa da kansa. Sauran rabin kuwa sai da ta gina da hannunta. Ta riƙa yanko ƙananan murabba'ai daga bakin hanyar tana nuna awon kowanne ya haura sifili, har ta isa ga lambar da ake tsoro, ta nuna ba za ta taɓa zama sifili ba. Shafi uku ya ci mata. Ta ce, "Tawa hanyar zagaye ce, ta bayan ganuwa na bi. Ita a layi huɗu ta ratsa. Na nemi tata har kaina ya yi ciwo, ban same ta ba."

A cikin makonnin nan ne na fara mafarkinki. Ba da dare ba, a ɗan barcin da ke ɗaukata a zaure bayan azahar, in gari ya yi shiru ruwa yana ɗiga daga indararo. Sai in gan ni a bakin gadonki, lafiyarki ƙalau, kin yi lalle, kina faɗa ina rubutawa, biron yana taɓa takarda. A mafarkin ina gane kowace kalma, abin da sauƙi kamar ƙirga zare, har ina mamakin yadda aka sha wahalarsa. In rubuta na ɗaya, na biyu, na uku. Sai ladan ya kira la'asar, in farka da allura a hannu, babu ko harafi ɗaya a kaina. Na daina jin haushin farkawar. Ko ba komai ina ganinki.

An aika gyaran saura kwana biyu wa'adi ya cika. Makon jiya amsa ta zo. Sun karɓa.

Ummi ta je unguwar Kongo ta bugo aikin a takarda, ta riƙo shi a cikin leda saboda yayyafi. Sunanki ne a sama, ke kaɗai, da wata ƙaramar alama a gefensa, a ƙasan shafin an rubuta cewa marubuciyar ta rasu kafin aikin ya fito. Na roƙi Dakta Saude ta sa sunanta kusa da naki, ta ƙi. Ta ce a layin godiya kawai za ta shiga, ita ma don dokar aikin ta tilasta mata faɗin abin da ta ƙara. Mai dubawar nan da ba mu san sunansa ba ya rubuto ta'aziyya. Na wanke hannu kafin in taɓa takardun. Ban iya karanta su ba, amma na bi su shafi-shafi har ƙarshe, kamar yadda nake bin riga in na gama ta.

Na tambayi Dakta Saude ko layi huɗun nan sun ɓata ke nan har abada. Ta ce a'a. Ta ce wata rana wani zai karanta shafuka ukunta, ya ji sun yi masa tsawo, ya zauna ya nemi gajeriyar hanya, kuma zai same ta, domin tana nan. Wataƙila bayan shekara biyu, wataƙila bayan mun mutu duka.

Tun da ta faɗi haka nake tunanin mutumin. Ban san ƙasarsu ba, ban san ko an haife shi ba ma. Ina ganinsa a bakin wata taga, a garin da ba a taɓa jin sunan Ƙofar Jatau ba, ya tsaya a tsakiyar magana yana kallon iska, sai ya zabura ya nemi biro. Zai yi murna, zai zaci shi ya fara gani. Ni kuwa na san ba shi ba ne. An riga an faɗi layukan nan huɗu a ɗakinmu, da Hausa da Turanci, a gabana.

Ki yafe mini, Rakiya. Ba raina maganarki na yi ba. Kallonki na tsaya yi.

Allah Ya jiƙan ki da rahama, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi. Allah Ya sa ilimin da kika bari ya riƙa kai miki lada muddin ana amfani da shi. Ya saka wa Dakta Saude da alheri, Ya raya mana Ummi, Ya yafe mini abin da na gaza. In tawa ta zo Ya sa in cika da imani, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Naki har kullum,
Isiyaku, Baban Ummi
Ƙofar Jatau, Birnin Zariya